Layukan da Na Shafa wa Toka

Litinin, 3 ga Maris

"Yaya, ko ɗigo ba zai ɓace ba. Kafin in taɓa komai sai na ajiye miki kwafin fayil ɗinki yadda yake. Ki kwantar da hankalinki, aikina ne."

Maganar ƙanena Auta ke nan ranar Juma'a, yana tsaye gaban teburina yana kaɗa makullin mota a yatsa, Sista tana ji. Na rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa don kada gobe a ce kunnena ne ya ƙara gishiri.

Shekara da shekaru ina riƙe da jadawalin yaran cibiyarmu ta masu ciwon sikila a tsohuwar kwamfutar nan. Kowane yaro da layinsa: suna, ranar haihuwa, lambar wayar uwa, adireshi, ranar da aka kawo shi na ƙarshe. Ba abin burgewa ba ne, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Sai Likita ya je wani taro ya dawo da sunan wata manhaja a bakinsa, irin wadda ake rubuce-rubuce a ciki, a tara bayanai a rumbu guda, kowa ya buɗe daga wayarsa, har a sa ta riƙa aika wa iyaye saƙo da kanta. Na ce ban ga abin da tsohon ya yi ba. Aka ce zamani ne. Da aka zo neman wanda zai kwashe jadawalin zuwa can, ina da ƙane, aikinsa ke nan, kuma ya ce zai yi.

Ya zo ranar Asabar, ba na nan. Yau na buɗe. Sunaye duk sun shiga, wannan kam gaskiyarsa. Layi bayan layi, fari fat kamar sabon zanen gado.

Tokar ce babu.

In yaro ya rasu ba na goge layinsa. Hannuna bai taɓa yarda ba. Ba na kuma rubuta komai. Sai in shafa wa layin launin toka, ya ci gaba da zama cikin 'yan uwansa. Duk mai aiki a nan ya san ba a kiran lambar da ke kan toka. Yawancinsu ba a hannunmu suka cika ba. A gida ne, ko a hanya, ko a wani asibiti, sai labari ya iso ta bakin wata uwa a kan bencin jira, in tashi in je in shafa. Katinsu na takarda bai san komai ba, yana nan cikin akwati yana jiran su dawo. Tokar nan kaɗai ta sani.

Yau duk suna zaune a rumbun Auta, farare, kafaɗa da kafaɗa da masu rai.

Na koma tsohuwar kwamfuta na buɗe fayil ɗina na asali. Shi ma fari.

Talata, 4 ga Maris

Ya zo da rana, da murmushin mutumin da ya zo karɓar godiya.

Bayaninsa: manhajar ba ta karɓar launi. Sai an mayar da jadawali rubutu zalla, kalmomi da waƙafi a tsakaninsu, sannan ta haɗiye. Launi da kaurin rubutu da duk wani ado a bakin ƙofa suke tsayawa. Yana yi mini bayani a hankali, da irin muryar da ake koya wa tsohuwa kunna waya. Na ce na gane, na karanta littattafan da suka fi wannan tauri tun yana fitsarin kwance. Ina kwafin?

Ya buɗe kwafin. Fari. Ashe sai da ya gama abin da ya kira tsabtace fayil, ya cire launuka duka, ya danna ajiyewa, sannan ya tuna da alkawari. Ya kwafi abin da ya riga ya wanke.

"Yaya, na ɗauka kwalliya ce. Kin san ku da son launi."

Ku.

Kafin in sami bakin magana har ya wuce gaba. Wai in ga abin da ya gyara: wajen shigarwa sifirin farko na duk lambobin waya ya zube, shi ya zauna ya mayar da shi. "Yanzu kowace lamba tana shiga, babu wadda za ta kuskure."

Na gaya masa abin da toka take nufi. Makullin ya daina kaɗawa. Can ya ce, "To me ya sa ba ki rubuta ba? Gurbi ɗaya ne fa, a sa ya rasu." Na ce shi me ya sa bai tambaya ba? Kalma ɗaya ce fa, a ce Yaya.

Ya zauna ya yi ta tonon cikin tsohuwar kwamfutar ko tsohon fayil ya bar sawu. Bai bari ba. Ya tafi bai yi sallama ba, ko ya yi ban ji ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na wuni ina kallon sunaye. Wasu na sani tun kafin idona ya kai ƙarshen layin. Wasu sai su tsaya suna kallona.

Alhamis, 6 ga Maris

Tela ta zo, wata uwa mai ɗinki da muke kira da sunan sana'arta. Ba ta zauna a benci ba, ba ta gai da kowa ba, ta wuce kai tsaye zuwa teburina da waya a miƙe a hannunta, zaren ɗinki maƙale a gefen mayafinta.

Ɗanta shi ne yaron da muke kira Kwamanda, don shi ke gaya wa Sista hannun da za ta soka wa allura, kuma in ta yi gardama ya ce a kira masa shugabanta. Bara waccan ya rasu. Na je gaisuwa. Na dawo na shafa masa toka da hannuna.

Saƙon yana kan wayar. Cikakken sunansa. Ana tunatar da iyayensa su kawo shi cibiya don duba lafiyarsa. A ƙarshe har da fatan alheri.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Malama, daga ina zan ɗauko shi?"

Na tashi tsaye. Ban san me ya sa ba, na dai ga zama bai dace ba. Na ce kuskuren na'ura ne. Ta dube ni kamar na ba ta kunya. Ta ce da wayar ta yi ƙara tana yankan yadi, ta ga sunan, sai da ta juya ta duba bayan shago. Wannan kawai ta faɗa. Ta mayar da wayar jaka ta fita, Sista ta bi ta har titi, ba ta waiwayo ba.

Na kira Auta. Ashe tun ranar Asabar ya saita gwaji, saƙo ya tafi ga 'yan layukan farko yau da safe, don a ga ko abin yana aiki. Ya manta da shi. Duk zamansa a nan ranar Talata, yana jin abin da na faɗa, bai tuna ba. Sauran da saƙon ya je wa yaransu na raye, Allah ya rufa asiri. Na ce ya kashe komai yanzu, ina riƙe da waya. Ya kashe. Ya ce, "Yaya, wallahi..." Na ajiye.

Yana aiki. An gani.

Juma'a, 7 ga Maris

Na shiga ofishin Likita na ce daga yau ba saƙon da zai sake fita daga wannan gini. Ya cire tabarau, ya ce in zauna. Na ce ƙafafuna lafiya suke.

Ya bar ni na gama. Sannan ya tuna mini abin da na sani. Ranar Asabar ashirin da biyu ga wata masu na'urar duba jijiyoyin kai za su zo. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, wuni guda. Ita ke nuna yaron da ke bakin shanyewar ɓarin jiki tun abin bai faru ba, a fara masa magani. Masu zuwa kowane wata za mu gaya musu da baki. Waɗanda suka daina zuwa fa? Su ne ba wanda ya duba, su ne suka fi buƙata, kuma saƙo ne kaɗai zai kai gare su.

"Kuma su ne suka cuɗanya da matattu," na ce. Wanda ya ƙaura da wanda ya gaji da zuwa da wanda ya rasu, a rumbun nan kamarsu ɗaya: suna, da tsohuwar rana.

Ya ce, "Malama, kin tuna yarinyar nan da aka kawo a goye bara, bakinta ya karkace? Ita ma shiru ta yi mana shekara biyu."

Na tuna. Ba sai ya tuna mini ba.

Ya ce in tace su. Wanda na tabbatar yana raye a aika wa uwarsa, wanda ya rasu a ware. Laraba sha tara ga wata ce rana ta ƙarshe da saƙo zai yi amfani, don iyaye su sami lokacin shiri.

Babu abin da ya fi ɓata mini rai irin mutum ya yi gaskiya a ranar da nake son in tsane shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Mama ta kira. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, an riga an kai mata nasa ɓangaren. "Ɗan uwanki ne fa. Tun ranar Alhamis bai ci abincin kirki ba, matarsa ta ce." Na ce Allah ya ba shi lafiyar ci. Ta ce tun muna yara bakina ya fi hannuna zafi. Mutum ya haura arba'in, da furfura a gemu, har yanzu in ya fasa abu ni ake cewa in yi haƙuri kada in tsorata shi.

Na ɗauki littafi na ajiye. Sunaye ne ke bin layukan.

Litinin, 10 ga Maris

Ya zo tun kafin a buɗe, ya tsaya a baranda kamar mai jiran sakamakon gwaji. Bai kawo makullin a hannu ba.

Ya ƙara gurbi guda a rumbun, mai zaɓi uku: yana nan, ba labari, ya rasu. Ya nuna mini yadda ake tacewa, a ce wa manhaja ta nuna kashi ɗaya ta ɓoye sauran, da yadda za a ɗaure saƙo ga kashi na farko kaɗai. Ya mayar da ni mai iko da komai a ciki, har da shi kansa. Ya ce ana iya ba wa kowace kalma launi in ina so. Na ce ya bar launi ya huta.

Da ya tafi muka zauna ni da Sista. Ita tana karanto suna, ni ina zaɓa. Masu zuwa kullum ba wuya. Sai ta karanto na farko da muka sani, wata yarinya mai yawan dariya da ta tafi da zazzaɓi. Na kai kibiya kan kalmar na tsaya. Sista ta ce, "Danna mana, Malama." Na ce ina dannawa. Ta miƙo hannu, na buge shi.

Na danna. Ta rasu ko ya rasu, manhajar ba ta bambanta ba, duk ya ne. Ko wannan bai iya gyarawa ba.

Zuwa la'asar mun raba su. Waɗanda muka sani da rai sun fi yawa, alhamdu lillahi. Waɗanda ni ko ita muka tuna da rasuwarsu tuli guda. A tsakiya kuma ga tarin ba labari, ya haura ɗari. A cikinsu akwai toka, na sani. Ina jin ta, ba na ganin ta.

Talata, 11 ga Maris

Na fara kira. Dabarata ita ce in yi gaisuwa kawai, amsar ta gaya mini. Wautar mai karatu. Ina wuni, ya gida, ya yara? Lafiya lau. Kowace uwa lafiya lau. Wadda ta binne ɗanta jiya ma in ka ce ya yara, lafiya lau za ta ce, har ta ƙara da godiya. Haka aka rene mu. Na kira mata da yawa, na ajiye waya ban san komai ba fiye da kafin in ɗauka.

Dole sai an ambaci sunan. Babu hanyar kewaye.

Yanzu ga abin da nake faɗa: daga cibiya nake kira, mun daɗe ba mu ji labarin wane ba. Sai in jira. In amsa ta zo da sauri, yana nan. In ta ja numfashi tukuna, na riga na sani.

Abin da nake yi da bakina bai fi saƙon Auta kyau da yawa ba. Bambancin kawai ni ina nan a kan layi in ta yi kuka.

Laraba, 12 ga Maris

Yau na yi dariya, ban shirya ba.

Wata uwa na ambaci sunan ɗanta, sai na ji tana ƙwala kira. Wata murya ta zo kamar ta direban tanka. "Malama! Ni ne fa. Har yanzu kina ɓoye alewa a aljihun tebur na ƙasa?" Na ce wa ya gaya masa ɓoyewa nake yi. Ya ce shi da abokinsa sun shekara suna sata, ni ina zargin Sista. Ɗan da na sani da ƙafafu kamar tsinke. Yanzu gyaran waya yake koyo.

Sun ƙaura can ƙarshen gari, shi ya sa. Uwar ta karɓi wayar ta ce yana da ƙanwa, ita ma da ciwon, ba a taɓa kawo ta ba. Na gaya mata ranar. Ta ce za su zo.

Ban gaya wa Likita ba. Zai yi wannan kallon nasa ta saman tabarau.

Alhamis, 13 ga Maris

"Ai ke kika zo mana gaisuwa, Malama. Kin manta? Har kika zauna a kan tabarmar nan ta ƙofar ɗaki."

Wata uwa ce da na kira yau. Na manta. Na shafa tokar ne don kada kaina ya riƙe, kuma bai riƙe ba.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ai yaran da yawa. Wannan ba komai ɗin ya fi mari. Na yi zaton za ta kashe wayar, sai ta ci gaba. Wai yarinyar tana ɓoye ƙwayar maganinta a cikin takalmin babanta, sai ya sa ƙafa ya ji. Wai ta ce in ta girma ita za ta riƙa yi wa Sista allura. Wai tun da aka gama zaman makoki ba wanda ya sake kiran sunanta a gidan, don kada a tayar wa uwar da hankali, ni ce ta farko.

Ina saurare hannuna na kan linzamin kwamfuta, na danna sunan ba da niyya ba. Layin ya buɗe ya zama shafi guda, fari, sunanta a sama, ƙasa fili. Ban san yana yin haka ba. A tsohon jadawali layi layi ne kawai, ba shi da ciki.

Na rubuta maganar takalmin. Ban san wa na rubuta wa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Lambobi da yawa a kashe, wasu sun koma hannun baƙi. Wani mutum ya zage ni, ya ce shi ko aure bai yi ba. Tarin ya ragu, ya tsaya a wajen talatin, ya ƙi motsi.

Asabar, 15 ga Maris

Sista ce ta ce in je wurin Tela. Tun bayan rasuwar Kwamanda duk uwar da ta yi rashi a cikin iyayen cibiya ita ake fara kira. Ita ke zuwa ta zauna da su. Abin da ba ya isowa benci yana isa shagonta.

Na je. Shago ne ƙarami, keke biyu, ƙyallaye a ƙasa, riguna rataye a igiya har suna taɓa kan mutum. Tana durƙushe tana zana alli a kan yadi, tef a wuya, allurai a baki. Ta nuna mini kujera da haɓa. Sai da ta gama layinta ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta.

Na gaya mata komai, har da tokar, har da ranar da masu na'urar duba kai za su zo. Na ce akwai sunayen da na rasa yadda zan yi da su. In na aika, ina tsoron a sami wata ta juya ta duba bayan shagonta. In ban aika ba, ina tsoron a kawo mini wani a goye.

Ta ce, "Na san wasu. Da yawa ma." Na fito da waya zan karanto. Ta ɗaga hannu.

"Ba ke ba. Ranar nan kin ce mini na'ura ce. Ni da keke nake aiki, Malama, bai taɓa ɗinka riga ba sai da ƙafar mutum a kansa. Wanda ya aiko mini da saƙon, yana da ƙafa?"

Na ce yana da. Na ce ƙanena ne. Ban yi niyyar faɗa ba.

"To ai da sauƙi, kin san gidansa." Ta ɗauki almakashi. "Ya zo ya zauna a kujerar nan. Ya karanto sunayen da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in gaya masa wanda ke nan da wanda ba ya nan. Ba zaginsa zan yi ba. So nake su bi ta kan harshensa."

Na so in ce mata akwai yara masu rai a cikin sunayen nan, ba lokacin hukunci ba ne. Sai na ga wani ƙaramin wando na makaranta rataye a ƙusa a bayan keken, ya koɗe, ba na kowane mai ɗinki ba ne. Na mayar da wayar jaka.

Da zan fita ta ce kafaɗar rigata ta zame, wanda ya ɗinka bai auna ni ba. In kawo ta gyara.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je gidansa. Keken 'yarsa a kwance a ƙofar falo, sai da na tsallake. Matarsa ta kawo ruwa ta ɓace.

Na faɗa masa sharaɗin. Ya shiga neman mafita.

"In rubuta mata takarda fa? Ko in aika mata saƙo, in ba ta haƙuri sosai..."

Na ce, "Saƙo."

Ya ji abin da ya faɗa. Ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce zai iya zama ya gina mini duk abin da nake so a manhajar, zai iya biyan wani ya bi gidajen, amma ba zai iya zama gaban matar nan ba. "Me zan ce mata, Yaya? In ta tambaye ni ina da 'ya'ya fa?" Na ce sai ya ce yana da su. Na ce ba a nemi ya ce komai ba, karatu aka ce ya yi, kuma an kashe wahala an koya masa.

'Yarsa ta shigo tana neman a ɗaure mata takalmi. Ya durƙusa ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Na ga wannan. Ban ce ban gani ba.

Ya ce zai yi tunani. Na ce ya yi da sauri.

Litinin, 17 ga Maris

Saƙo ya tafi yau ga duk waɗanda na tabbatar. Ni na saita shi, ni na duba tacewar, na sake dubawa, na gwada da lambata da ta Sista, na sa ta karanto mini sunayen da za su fita ina bin su da yatsa a kan allo. Sannan na danna. Kafin azahar amsoshi sun fara shigowa. Za mu zo. Mun gode. Wata ta tambaya ko a zo da yaro a cike ko da yunwa. Babu wadda ta shigo da waya a miƙe.

Saura na tsakiyar nan. Suna nan yadda suke, ba labari.

Sista ta same ni da safe kafin a buɗe ina rubutu a shafin wani yaro. Ta leƙa ta ce, "Au, Malama, ke da manhajar taki." Na ce ba tawa ba ce, kuma ta je ta duba ko an share ɗakin allura. Iyayen ne ke faɗar abubuwa, kuma ba daidai ba ne su zube ƙasa tunda ga wuri. Shi ke nan. Wanda ke tsoron kyankyaso amma ba ya tsoron ƙarin jini. Wadda ke rera waƙa in ciwo ya tashi don kada ƙanenta ya gane. Na buɗe na Kwamanda ma, na rubuta maganar a kira masa shugaba. In an sake kwashe mu zuwa wata manhajar wata rana, wannan rubutu ne, zai bi su.

Na kira Auta na gaya masa a fili. Yana da zuwa azahar ɗin Laraba. In ya zo zan raka shi. Ba don shi ba, don ban yarda ya karanta sunayen daidai ba, akwai masu wuyar faɗa. Zan zauna a kan ɗaya keken, ba zan sa baki ba. In muryarsa ta tsaya a tsakiya, wataƙila in riƙe masa wayar. Wataƙila.

In azahar ta yi bai zo ba, zan cire shi daga masu izinin shiga, na riga na gano inda ake yi. Ba saƙon da zai je wa ko ɗaya daga cikinsu. Zan sa takalmina mara tsini, in ɗauki adireshinsu, in bi su ƙofa ƙofa kafin Asabar. Inda na tarar da yaro, in gaya wa uwarsa ranar da bakina. Inda ban tarar ba, in nemi wuri in zauna, in ji abin da za ta ce a kansa, in dawo in rubuta.